Tsohon Babur Mai Hayaƙi: Yadda Ake Saye da Farfaɗo da Shi a Zariya

A zaurukan Birni, da lungunan Tudun Wada, da gidajen tsofaffin ma'aikata a Samaru da Sabon Gari, ba a rasa babur jingine da bango an lulluɓe shi da buhu, tayoyi sun sace, sirdi ya tsage. Da yawansu sun shigo ne lokacin da kuɗi ya zauna a hannun ma'aikaci, bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, inda malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan reluwe suka yi ta sayen Yamaha da Suzuki da Vespa. Malaman gona kuma an san su da dogayen babura na shiga ƙauye. Daga baya Jincheng ta cika gari a hannun 'yan acaɓa, kafin Bajaj da 'yan uwanta marasa hayaƙi su ture ta.

In ka cire Honda, kusan duk tsofaffin baburan nan injinsu mai bugu biyu ne, kuma wanda bai fahimci yadda yake aiki ba zai yi ta zuba kuɗi inda ba nan ciwon yake ba. Wannan inji ba shi da bawul irin na mota, ba shi da sarƙar taimin. Fiston ne da kansa yake buɗe tagogin da ke jikin bulok yana rufewa, kuma duk zagaye ɗaya na kiranshaf fulogi yana ba da wuta sau ɗaya. Fetur da iska ba sa zuwa saman fiston kai tsaye. Sai sun fara shiga ƙasa, cikin akwatin da kiranshaf ke juyawa, fiston ya matse su a can, sannan su haura. Saboda haka babu baƙin mai kwance a ƙasa da zai jiƙa boris da fiston. Man tu-ti (2T, man irin wannan inji) da ke tafiya tare da fetur shi kaɗai suke samu, shi ne kuma hayaƙin da kake gani. Sannan dole akwatin nan ya kasance a toshe ruf. Iska ta sata ta shiga ta wata kafa, injin ya yi zafi, fiston ya cije. Mai da iska, a kansu duk aikin yake. Fenti na can ƙarshen layi.

Ka kuma sani tun yanzu cewa yana shan fetur fiye da Bajaj, ga kuɗin tu-ti a kai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramar magana ba ce. Babur ne na sha'awa da zirga-zirgar cikin gari. Mai neman na sana'a ya duba wani wajen.

Wanne za ka nema

In wannan ne karonka na farko, ka nemi Suzuki AX100, ko Jincheng da aka ƙera bisa tsarinta. Inji ne mai cc 98 da giya huɗu, komai nasa a fili yake, kuma saboda yawan da ta yi a gari, fiston da ringi da fakin da kafireta ba sa wuyar samu a shagunan safaya. Sai dai wadda ta yi acaɓa ta ɗauki buhunan masara da mutum uku-uku shekara da shekaru, don haka ta malamin makaranta ta fi ta daraja nesa ba kusa ba, ko da ta fi ta tsufa.

Yamaha YB100 da Suzuki A100 sun fi daɗin kallo, sun kuma fi jan hankalin dattawa in ka tsaya a majalisa. Su kafiretarsu ba a bayan bulok take ba, tana ɓoye cikin murfin injin na dama, domin wani faifai mai juyawa da kiranshaf ne ke buɗe wa fetur hanya. In murfin nan ya fashe ko robobinsa sun ɓace, ƙura ce za ta riƙa shiga injin ba shamaki. Dangin Yamaha RX sun fi waɗannan zafi, kuma RX100 da aka ƙera a Indiya daga 1985 zuwa 1996 har yanzu ana yin kayanta a can. DT125 da DT175 su ne na malaman gona, masu su sun san darajarsu, ba sa saki da araha. Vespa kuwa duniyarta daban. Gangar jikinta ita ce shasinta, don haka tsatsar da ta ci wurin ajiye ƙafa ta ci ƙashin bayan babur ne, kuma tana buƙatar bakaniken da ya ƙware a kanta ita kaɗai.

Abin da ba ka samu a Sabon Gari ko Tudun Wada ba, ana nemansa a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko a sa mai shago ya yi odarsa daga Nnewi.

Mai shi, da takardunsa

Tsofaffin bakanikai sun fi dillalai sanin inda babura ke kwance, domin su ne suka yi musu gyaran ƙarshe. Ka zauna a garejin ɗaya daga cikinsu ka faɗi abin da kake nema. Na hoto a Facebook ko WhatsApp kuwa, kada ka tura ko sisi sai ka je ka gani. Cinikin biri a sama ne.

In dattijo ne mai shi, kada ka shiga da maganar kuɗi. Ka gaisa, ka tambayi tarihin babur ɗin, sannan ka ce, "Baba, na ga ya daɗe a ajiye, ko za a sallama mini in raya shi?" Sau da yawa amsar farko ita ce, "Yaro, wannan ai ya girme ka." Wannan ba ƙi ba ne. Yana son ya tabbata ba mai yanka babur ya sayar a kilo ba ne ya zo masa. A cikin hirar nan za ka ji abin da ya sa aka ajiye shi, kuma wannan ya fi duk wani gwaji amfani: wanda aka jingine don mai shi ya sayi mota daban yake da wanda aka turo gida bayan ya cije a hanyar Giwa.

In mai shi ya rasu, babur ya zama gado. Ɗa ɗaya ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai sai an raba ya faɗo a rabonsa, ko magada sun amince. Ka nemi jin haka daga bakin babban gidan, a gaban shaidu.

Lambar shasi tana jikin wuyan babur, inda kai ke juyawa. Lambar inji tana kan akwatin injin. Ka goge da tsumma da ɗan kananzir ka karanta harafi-harafi, ka gwada da ta takarda. In ka ga wurin an goge shi da faifan injin goge ƙarfe, ko lambobin sun karkace ba girmansu ɗaya ba, ko an yi walda a gefensu, ka yi sallama ka tafi, komai arahar. Satar babur ba baƙon abu ba ce, kuma wanda aka kama da kaya a hannu shi ke fara kwana a caji ofis. Babur mai shekara 40 yana iya rasa rasidinsa na asali, wannan ba laifi ba ne. Abin da za ka yi shi ne takardar ciniki mai ɗauke da lambobin biyu, da sunan mai sayarwa da hoton katin shaidarsa, da sa hannun shaidu biyu, in da hali har da mai unguwa, sannan a yi takardar rantsuwa a kotu kan ɓatan takardun.

Dubawa kafin ciniki

Ka je da safe, ka tafi da bakanike naka, ba na mai sayarwa ba. Kafin komai ka ɗora hannu a kan bulok. In da ɗumi, an tayar da shi kafin ka iso, kuma injin da ya gaji yana ɓoye halinsa in ya yi zafi. Ka ce za ka dawo gobe, a bar shi ya kwana.

Taka kik a hankali da hannu. Ya kamata ka ji ya yi tauri a wuri ɗaya sannan ya wuce. In ya tafi salam babu turjiya, ringi sun ƙare. In ya ƙi motsi gaba ɗaya, fiston ya manne, kuma farashi ya faɗi ƙasa sosai. In bakanike yana da ma'aunin matsi, a buɗe totur duka a buga kik: daga psi 110 zuwa sama lafiya, ƙasa da 90 kuwa aikin bulok na jiranka.

Ga gwajin da na fi yarda da shi, kuma minti goma ya ishe shi. A kwance salansa daga bakin bulok, ka haska fitilar waya cikin tagar hayaƙin, wani ya riƙa taka kik sannu-sannu. Za ka ga gefen fiston yana wucewa, da ringinsa. Fiston mai lafiya sumul yake, launin toka, da ɗan danshin mai. In ka ga zane-zane a tsaye daga sama zuwa ƙasa, ko wurin da ƙarfen ya narke ya shafe kan ringi, wannan injin ya taɓa cijewa, ko da mai shi ya manta. Mai sayarwar da ya hana a kwance noti biyu ya riga ya ba ka amsa.

Sai a buɗe murfin magnito, ka kama faifan da hannu biyu ka girgiza sama da ƙasa. Ko kaɗan bai kamata ya motsa ba. In ka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin kiranshaf sun tafi. Ka duba bayan faifan kuma: danshin mai da ƙura ta manne a kai alama ce sil ɗin wannan gefen, wato robar da ke toshe gefen kiranshaf, yana yoyo.

In ya tashi, ka saurara ka kuma kalli hayaƙi. Shuɗi-shuɗi mai yawa da farko, yana raguwa in ya yi zafi, haka ake so. Fari mai kauri da ba ya raguwa, mai warin ƙonannen man giya, yana nufin sil ɗin gefen kuloc ya mutu, injin yana zuƙar man giya. In ka murɗa totur ka saki amma ƙarar ta ƙi sauka da wuri, ko silo (juyin injin in ba a murɗa totur ba) yana hawa da kansa, iska na shiga ta inda bai kamata ba. Babur da ba ya hayaƙi ko kaɗan kuwa ba abin murna ba ne, a kashe shi nan take a duba ko mai na zuwa.

Ka tsuguna a baya ka hango ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Ka leƙa cikin tanki da fitila. Sannan ka ƙirga abin da babu, domin a nan ne sababbin shiga ke faɗawa. Fiston da ringi kuɗi kaɗan ne, ko'ina akwai. Murfin gefe na asali, da tambarin tanki, da agogon gudu, da gidan sarƙa, da salansar kamfani, su ne za ka yi wata da watanni kana nema. Babur cikakke da bai tashi ba ya fi mai tashi da aka yi wa kwaskwarima da kayan babura uku. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Wajen ciniki, duk abin da kuka gano ka lissafa shi da farashinsa a gaban mai sayarwa cikin ladabi, sannan ka taya. In da dillali, a yanke la'adarsa tun kafin a sallama. Shawarata ita ce kada kuɗin saye ya wuce rabin abin da ka tanada, domin gyara yakan ci kwatankwacinsa ko fiye.

Kwanakin farko a gida

Babur da ya shekara goma a kwance, kada ka zuba masa fetur ka hau buga kik don ɗoki. Boris ɗinsa a bushe suke. Cire fulogi, ka zuba cokali ɗaya na tu-ti ta ramin, ka juya injin a hankali, ka bar shi ya kwana. In fiston ya manne, a jiƙa shi da gas ko kananzir haɗe da mai na kwanaki, ana gwadawa a hankali. Guduma a kan fiston tana lanƙwasa abin da ke ƙasa.

Ka ɗauki hoton komai kafin a kwance, musamman yadda wayoyin wuta da kebur suka bi. Notin kowane sashe a gwangwaninsa, da rubutu.

Zaɓen bakanike shi ne rabin aikin. Yaran da suka koyi sana'a a kan Bajaj ba laifinsu ba ne in ba su san famfon tu-ti ba. Ka nemi wanda ya yi zamanin Yamaha da Suzuki, ka kuma dubi kayan aikinsa. Faifan magnito da abin zare shi na musamman ake cire shi, a Yamaha ma zarensa na hagu ne. Wanda ya ɗauko guduma da kurfi zai fitar da shi, amma kiranshaf ɗinka ba zai ƙara miƙewa ba. Ka gaya masa tun farko, "Oga, ba sauri nake ba, duk abin da aka cire a ajiye mini in gani." Ka sayo kayan da kanka tare da shi, ka biya kuɗin aiki kashi-kashi.

Cikin injin

Ko da injin yana tashi, a canja sil biyu na kiranshaf. Roba ce, ta shekara 30 ko 40 tana shan zafin Zariya, ta ƙeƙashe. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma su ne ke kashe yawancin injinan da aka gyara: an sa sabon fiston, an bar tsohon sil, iska ta shiga, bayan mako biyu fiston ya cije, a ce kayan ne jabu. In boris na da motsi ko ƙara, a raba akwatin a canja su gaba ɗaya, a duba sandar fiston ko tana motsi sama da ƙasa. Motsin gefe kaɗan daidai ne, na sama da ƙasa kuwa sai an kai kiranshaf wurin mai tana, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, ya matse sabuwar sanda ya daidaita shi. Boris na Japan na gaske ya fi tsada, ya kuma cancanci kuɗinsa. Wajen haɗa akwatin, gam kaɗan ake shafawa. Mai yawa yana matsewa ciki ya toshe hanyar mai.

In bulok ya zane ko ya buɗe, sai a yi masa bora, wato a ɗan faɗaɗa raminsa. Fiston na ƙari yana zuwa mataki-mataki: 0.25, 0.50, 0.75, da milimita 1.00. Ka duba lambar da ke saman tsohon fiston ka san inda aka tsaya, ka ɗauki mataki mafi ƙanƙanta da zai share zanen, domin bulok na asali ba ya dawowa. A sayi fiston tukuna a kai wa mai tana tare da bulok, ya yi bora daidai da shi. Ratar da ake bari tsakaninsu 'yar mitsitsiya ce, wajen milimita 0.04 a irin waɗannan ƙanana. Bayan bora a sa ya kashe kaifin bakin tagogin, in ba haka ba ringi zai kama baki ya karye. A wanke bulok da ruwan zafi da omo har farin tsumma ya fito fari, a shafa mai nan take.

Wajen haɗawa, kibiyar da ke saman fiston tana kallon salansa. A cikin ramin kowane ringi akwai ɗan ƙusa ƙarami. Bakin ringi a kansa yake zama. Kilif biyu masu riƙe fin ɗin fiston sababbi ake sawa, kuma a toshe bakin akwatin da tsumma kafin a sa su, don in ɗaya ya faɗa ciki sai an sake raba injin.

Maganar mai

Yamaha da Suzuki suna da tankin tu-ti daban da famfo mai aunawa gwargwadon totur. A babura da yawa za ka tarar an kashe famfon ana haɗa mai a tanki. Ni dai ina ganin a gyara famfo ya fi, domin ba ya mantuwa, ba ya kuma yin kasala a gidan mai. A Suzuki da yawa ma dole ne, saboda famfon yana tura mai ta siririn tiyo kai tsaye zuwa boris ɗin kiranshaf, kuma wanda ya kashe shi ya bar boris ɗin da ƙishi.

A canja tiyo duka. A cika tanki, a sassauta sukurun fitar da iska da ke jikin famfon har mai ya fito babu kumfa, a daidaita kebur har alamar da ke kan famfon ta yi daidai da 'yar uwarta. Tankin fetur na farko a haɗa masa tu-ti duk da haka, har ka ga da idonka man da ke tankin tu-ti yana raguwa.

In dole sai haɗawa, a auna. Vespa irin su PX kashi 2 cikin 100 take so, wato mililita 20 a kowace lita. Na Japan da aka cire wa famfo, mililita 30 zuwa 40 a lita. Sirinji babba daga kemis ya wadatar. Murfin gora da "ɗan tsiyaya kaɗan" ba ma'auni ba ne. Yawan mai kuma ba ƙarin kariya ba ne, fulogi yake kashewa ya toshe salansa. Tu-ti ba ya wuya a gari saboda ƙananan janareto, amma ka sayi na gora a rufe mai alamar JASO FB, FC ko FD. Baƙin man mota, balle wanda aka juye daga wani injin, gawayi yake tarawa. Akwatin giya shi nasa mai daban ne, kuma yawancin injinan an rubuta adadinsa a kusa da murfin zubawa.

Kafireta, tanki, salansa, wuta

A warware kafireta gaba ɗaya a wanke, a hura kowace kafa. Kada a sa allura ko wayar kebur a cikin jet, wato 'yar kafar da ke auna fetur, ramin yana buɗewa ya lalata ma'auni. Kafiretar asali ta Mikuni, ko ta tsufa, ta fi sabuwar kwaikwayo. A gyara ta. Robar da ke haɗa ta da injin in ta tsattsage a canja. Soson iska kuwa a Zariya ba abin wasa ba ne. A sa sabo, a jiƙa shi da mai a matse, kuma da hunturu a riƙa wanke shi duk mako biyu. Babur da ke yawo babu soso a watan Janairu, ƙura ce ke yi wa bulok ɗinsa bora kyauta.

Tanki mai tsatsa a zuba masa tsofaffin noti da kananzir a girgiza, sannan a jiƙa shi da ruwan khal kwana ɗaya ko biyu, a ɗauraye, a shanya a rana, a zagaya cikinsa da ɗan tu-ti. A sa ƙaramar matata a tiyon fetur. Man 'yan bumburutu in ba dole ba a haƙura da shi.

Salansa takan cika da gawayin mai har babur ya kasa numfashi: yana tashi lafiya amma ba ya ja. A zare bututun da ke cikinta a ƙona a kakkaɓe. Masu jiƙawa da sodar sabulu su sa safar hannu, su kuma nisanta ta da duk abin da yake na alminiyom, tana cinye shi. Kada ka yarda yara su cire bututun don babur ya riƙa yin ƙara. Injin mai bugu biyu da salansarsa aka auna shi, kuma maƙwabta ma suna da haƙƙi.

Fulogi sabo, ratar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Ka lura da tsawon zarensa: a lambobin NGK, harafin H gajere ne, E dogo, kuma dogo a mazaunin gajere yana iya taɓa fiston. Masu kontak a sa musu sabon kontak da kondensa, rata 0.3 zuwa 0.4. A ƙananan Yamaha irin YB100 kontak yana fara buɗewa ne saura kusan milimita 2 fiston ya kai ƙarshen hawansa. In wuta ta riga haka da yawa, saman fiston take hudawa. Masu CDI, wato tsarin wutar da ba shi da kontak, sun huta da wannan. Yawancin tsofaffin baburan nan wutar bolt 6 gare su, kuma in babu batir ƙwan fitila zai yi ta ƙonewa da ka ba da wuta.

Ƙafafu da birki, sannan fenti

Taya ko da zanenta bai goge ba, shekaru na kashe ta. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna faɗin lokacin da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwa a jefar, tare da tub. Takalman birki sababbi, domin fatar tsofaffin takan ɓalle daga ƙarfen ta kulle ƙafa ana cikin tafiya. Ƙurar cikin gangar birkin kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura da baki. Boris ɗin wuya da na ƙafafu a duba a sa giris, a ɗaure wayoyin rim, a canja sarƙa tare da haƙoranta na gaba da na baya lokaci guda. Kebur na birki da kuloc da totur duk sababbi.

Sai yanzu maganar fenti, bayan babur ya yi 'yan makonni yana tafiya babu yoyo. In fentin kamfani yana nan ko da ya dusashe, a wanke a goge shi kawai; masu sanin babur sun fi daraja shi a haka. In za a fesa, a ɗauki hoton zanen tanki a auna shi kafin a kankare, a rufe lambar shasi da tef, kuma kada a lafta fenti a haƙarƙarin bulok, ta nan yake shan iska. Kafin ka fara fita titi ka kammala rajista da lamba da inshora da lasin, ka sayi hular kwano, don tsohon babur mai sheƙi ba ya wuce jami'an hanya a Kwangila ko PZ ba su gan shi ba.

Horar da sabon fiston

Ranar farko a tayar da shi ya yi zafi na 'yan mintuna, a kashe ya huce sarai, a maimaita sau biyu ko uku, sannan a sake ɗaure notin kan silinda a gicciye. Kilomita 500 na farko kada totur ya wuce rabi, kada a ɗauki kowa a baya, kada kuma a riƙe gudu ɗaya na dogon lokaci. Zagayen cikin gari da sassafe, ko Samaru zuwa Shika a dawo, ya fi babban titin Kano inda za ka ga fili ka manta. Yatsunka biyu su zauna a kan kuloc. In ka ji ƙarar injin ta canja, ƙarfi ya ragu farat ɗaya, ka damƙe kuloc nan take ka gangara gefe. Fiston ne ke shirin cijewa, kuma in ka riga shi, sau da yawa zane kaɗan ne za a goge.

A gangara mai tsawo kada ka rufe totur ka bar giya tana riƙe babur, musamman in haɗa mai kake a tanki: babu fetur, babu mai, alhali injin na gudu. Ka kama kuloc ka riƙa ɗan murɗa totur.

Duk bayan tafiya mai ɗan nisa ka cire fulogi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ake nema. Baƙi mai danshi, fetur ko mai ya yi yawa, ko soso ya toshe. Fari fat ko toka-toka mai ƙuraje, kada ka ƙara hawa sai an gano inda iska ke shiga ko an ƙara girman jet. Da sanyin hunturu injin yakan buƙaci fetur fiye da na bazara, don haka fulogin da ya yi kyau a watan Afrilu a sake duba shi a Disamba. Ka riƙa yawo da fulogi ɗaya na ajiya da sifanarsa a akwatin gefe. In kuma babur zai kwana fiye da mako biyu ba a hau ba, ka rufe makunnin fetur tun injin na aiki, ka bar shi ya shanye na cikin kafireta ya mutu da kansa.